Ranar Da Na Share Arzikin Mami Akosuwa

A kan buhunan albasa na shigo ƙasar Gana. Kwana huɗu muka yi daga Galmi, ni da wasu mutum biyu a saman babbar mota, rana tana dafa mu ta sama, albasa tana dafa mu ta ƙasa. Ni manomin albasa ne tun tasowata, amma sai a wannan tafiya na san albasa tana da fushi. In ta kwana uku a buhu tana gumi, ko ba ka yanka ta ba sai ta sa ka hawaye. Hakan ya rufa mini asiri. Duk sanda na tuna matata Rabi da 'ya'yanmu huɗu idona ya cika, sai in ce wa abokan tafiya, "Kai, wannan albasa!" Su ma su ce, "Wallahi kuwa," kowa yana share nasa idon.

Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin. Rijiyar lambuna ta ƙafe rani biyu a jere, shi ya fito da ni. Ina da ƙarfi, ina da haƙuri, ina da ƙaramar rediyo. Abin da ba ni da shi shi ne boko. Ko harafi ɗaya ban sani ba.

A bakin iyaka mota ta yini ana duba takardun kaya. Ina zaune a inuwar taya sai ga wani mutum da farar riga da tabarau da jakar hannu, Hausarsa tas kamar ta masu karanta labarai.

"Ɗan'uwa, ina aka nufa?"

Na ce Kumasi.

"Masha Allah. Takardar aiki fa?"

Na ce ban san ana yin ta ba.

Ya cire tabarau ya dube ni da tausayi. "Subhanallahi. Haka suke sako ku. Kumasi ba a ɗaukar mutum aiki sai da takarda. Saura ɗaya gare ni, ta wani ce, amma fuskarka ta mutanen kirki ce."

Ya zaro ta. Takarda ce mai sheƙi, da jan hatimi, da hoton wani mai ƙiba yana murmushi ya ɗaga babban yatsa. Ya ce shugaban ma'aikata ke nan. Na ce guzurina ya kusa ƙarewa. Ya ce ba don abin duniya yake yi ba, amma rediyon nan tawa za ta riƙa tuna masa da ni. Ya gargaɗe ni kada in nuna wa kowa a hanya don kada a sace. Na miƙa masa rediyon, na ninke takardar na sa a cikin hula. Har da addu'a na raka shi.

Daga Tamale zuwa kudu sai duniya ta fara canza launi. Itatuwa suka yi ta tsawo har wuyana ya gaji da kallo. A Techiman ruwan sama ya same mu, irin wanda a garinmu in an yi shi sau uku an gama damina. Na sauko ina karkarwa na raɓe a rumfar wata mai gasa ayaba. Ba ta jin Hausa, ba na jin Asante. Ta dube ni sama da ƙasa, ta toshe hanci saboda albasa, sannan ta ce, "Abochi," wato aboki, yadda suke kiran Bahaushe, ta miƙo mini gasasshiyar ayaba biyu da gyaɗa, ta ƙara mini da wata babbar leda in rufa. Na nuna mata aljihu, ta kaɗa hannu. Ban san sunanta ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

A Kumasi direba ya kwatanta mini gidan Alhaji Tanko mai goro a Aboabo. Kakansa daga wajenmu ya zo a ƙasa da jakai, shi ya sa duk baƙon da ya fito daga yankinmu a zaurensa yake sauka. Dattijo ne siriri, haƙoransa ja da goro, maganarsa ƙasa-ƙasa. Bayan an gaisa, an tambayi gida da damina, na cire hula na miƙa masa takardata da hannu biyu.

Ya sa tabarau. Ya karanta gaba, ya juya baya. Ya ɗago ya dube ni.

"Malam Isuhu, tun yaushe abin yake damunka?"

"Shekara biyu ke nan, Alhaji."

"Har ka kasa zama?"

"Shi ya sa na taso, Alhaji."

Ya ɗaga murya ya kira maiɗakinsa. "Hajiya Memuna, zo ki ga bawan Allah. Daga Nijar ya hau albasa kwana huɗu da wannan lalura."

Sai da Hajiya ta leƙa takardar ta riƙe ƙofa don dariya na gane akwai matsala. Tallar maganin basur ce. Mai ƙiban da ya ɗaga yatsa wai warkewa ya yi. Na ba su labarin rediyo, Alhaji ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya goge ido ya ce, "Ajiye ta. Ka saye ta da tsada." Hajiya ta kawo mini wake da shinkafa da taliya da dafaffen ƙwai a kai, ta ce in ci, wanda aka cuta a hanya shi ne baƙo na gaske.

Sati biyu ina kwana a zaure ina taya ɗaukar huhun goro. Wata safiya Alhaji ya tambaye ni abin da na iya. Na ce noma, ban ruwa, da haƙuri. Ya ce akwai wata Ba'asantiya a Atonsu, Mami Akosuwa, dangin marigayi mijinta su suke kawo masa goro tun zamanin mahaifinsa. Tana renon dashe: koko, lemo, mangwaro, furanni. Ma'aikacinta na baya ya gudu da tiyon ban ruwa, ta rantse ba ta ƙara ɗaukar baƙo.

"Na roƙe ta," in ji Alhaji. "Ba ka da takarda, ba ka da dangi a nan. Sunana na ajiye a hannunta a madadinka. Shi kaɗai gare ni, kuma da shi nake samar wa mutanen garinku aiki. In ta dawo mini da shi a ɓace, kai za ka koma kan albasa, na bayanka kuma su zo su tarar ba ni da abin ajiyewa."

Na ce in sha Allahu ba zai ji kunya ba.

Mami Akosuwa gajeriya ce mai faɗi, da murya kamar ta mai kiran kasuwa. A gefen Zango, unguwar Hausawa, ta girma, tana jin Hausa sosai, sai dai a Hausarta babu mace. Ita da kazarta da uwarta duk "shi" ne. Ta nuna mini layukan baƙaƙen ledoji da ƙananan tsirrai a ciki, da rijiyar da ba ta ƙafewa, da ɗan ɗaki mai katifa da makulli nawa na kaina. Ranar na daɗe ina juya makullin nan a hannu.

Sati uku aiki yana tafiya lafiya. Na iya ban ruwa, ban taɓa karya tsiro ba. Ta fara ce mini "Wofa Isuhu," wato kawu. Abu ɗaya ne yake ci mini rai. A bayan rumfa, ƙarƙashin manyan itatuwa, akwai wani tulin juji da ya kai mini ƙirji, baƙi ƙirin, jiƙe, ruɓaɓɓen ganye a samansa, da wani ɗan allo a cake a tsakiya da rubutun boko.

To ni a garinmu taki na dabba ne. Kashin awaki, kashin shanu. Bayan girbi har roƙon Fulani muke yi su sauka a gona. Ganye kuwa in ya faɗo akuya ta cinye, in ta bari iska ta kwashe, in iska ta bari mace ta share ta sa wuta. Ban taɓa ganin ganye ya zauna wuri ɗaya har ya ruɓe ba, don ba mu da ruwan da zai ruɓar da shi. Gidan da aka ga tarin shara kuwa, a wajenmu zagi ne ga masu gidan. Sai na yanke a raina cewa aikin ɓarawon tiyo ne, rago ne bai kwashe ba, ita kuma Mami kunya ta hana ta sa baƙo aikin ƙazanta. Allon ma bai dame ni ba. Tun a Aboabo an gaya mini cewa duk allon da ka gani a kan juji a Kumasi cewa yake kada a zuba shara a nan, kuma a nan ɗin ake zubawa.

Wata Alhamis ta fito da baƙin zane da jan ɗankwali. "Wofa, yayana mace ya mutu a ƙauye. Zan je jana'iza, sai Litinin. Ka kula da komai, ka tsabtace wuri."

Ka tsabtace wuri. Na ce a raina, yau Alhaji zai san wanda ya tsaya wa.

Da safiyar Juma'a na fara fito da jujin bakin hanya da baro. Ga tana a ciki kamar taliya, ina ta tsaki. Ina cikin haka sai wani mai babur ɗin kaya mai ƙafa uku, wanda nan ake kira aboboya, ya wuce, ya taka birki, ya dawo da baya. Ya sauko ya damƙi jujin ya murza, ya kai hanci, ya lumshe ido. Ya ce sunansa Kwaku.

"Abochi, Madam ya ce ka zubar da wannan?"

"Ta ce in tsabtace wuri."

Ya dubi hagu, ya dubi dama. "Bola akwai nisa. Kai tsoho ne, bayanka zai karye. Ni zan kwashe maka. Kyauta. Musulmi, Kirista, Allah ɗaya."

Sawu bakwai ya yi tsakanin Juma'a da Asabar. Shi da kansa yake karɓar shebur yana kankare ƙasa don kada a bar ko kaɗan. A sawun ƙarshe har dokunu, tuwonsu na masara mai tsami, da soyayyen kifi ya sayo mini. Na ce lallai ƙasar nan akwai mutanen Allah. Da ya tafi na ɗebo farin yashi daga ramin da ruwa ya tara, na shimfiɗa a wurin, na bi da tsintsiya na yi masa zane kamar tsakar gidan amarya. Allon kuma na wanke shi tas na mayar da shi tsakiya.

Litinin da hantsi ta dawo. Ina tsaye da tsintsiya a hannu don ta san aikin wa ne. Ta zagayo bayan rumfa ta tsaya. Jakarta ta faɗi. Ta dubi yashi, ta dubi allo, ta dubi sama kamar jujin ya tashi ne.

"Awurade! Ya Ubangiji!" Ta lalubi bokiti ta kife ta zauna. "Wofa. Ina lifmol nawa?"

"Wa?"

"Lifmol! Baƙin ƙasa! Nan!"

"Ai sharar ce? Na kwashe, Mami. Ko sisi ba a kashe ba."

Ta ɗora hannu biyu a ka irin na masu makoki. "Gawa biyu a sati ɗaya. Na binne yayana, na dawo an binne ni." Ta tashi ta fizge allon ta kawo shi daf da hancina. "Ba ka gani? An rubuta!"

"Na gani, Mami. Har na wanke shi."

Ta ajiye allon. Sannan ta yi mini bayani a hankali, kamar mai yi wa kurma. Damina uku tana tara ganyen nan, tana juyawa, tana yayyafa ruwa, tana jira. Shi ake cika ledoji da shi. Tsiron koko jariri ne, ba ya son ƙasa mai tauri, ba ya son mai zafi. Litinin mai zuwa za a kawo mata ƙwallayen koko na iri, kuma irin koko in an fasa ba ya jiran kowa. Manoma sun riga sun yi magana da ita.

"Ka dawo mini da shi kafin Litinin," in ji ta. "In ba haka ba ka kawo makulli, ni kuma in kai wa Alhaji sunansa da hannuna."

Talata na tafi bola. Na tona da sanda har ƙudaje suka san ni, babu ko ɗigo. Na tambayi masu aboboya a bakin hanya, suka yi ta dariya suna tafawa, ɗaya ya ji tausayina ya ce Kwaku yana da lambun kabeji a bakin rafi. Na same shi a can. Sawu bakwai ɗin nan duk ya baje su a kunya, ya juye da ƙasa, ya dasa, har ya yi ban ruwa. Ya tare ni da fara'a.

"Abochi! Kyauta ka ba ni, kyauta na kwashe. Wa ya cuci wa? Kifi ma ka ci."

Na duba maganar ta kowane gefe ban ga inda zan kama ta ba. Na ce masa Allah ya ba kabeji albarka, na juyo.

Laraba na ce bari in nuna wa Mami takin gaske. Na je mayanka na cika buhu da kashin shanu ɗanye, na hau torotoro, wato motar haya. Ba mu yi nisa ba wata mata ta fara ihu da Asante, mota duka ta ɗauka, direba ya sauke ni ni da buhuna. Na ƙarasa Atonsu a ƙasa, buhu a ka, abin yana tsiyaya ta bayan wuyana. Mami ta leƙa buhun daga nesa.

"Wannan wuta ne. Kana so ka soya mini koko? Ka kai shi can ƙarshen fili, shekara mai zuwa mu gaisa da shi. Kuma ka yi wanka kafin ka yi mini magana."

Na koma kwana a Aboabo, don kunya ta hana ni amfani da makullin. Alhaji ya ji labari tun kafin in iso. A Zango labari ya fi aboboya gudu. Bai yi faɗa ba. Ya ɓare goro ya ba ni rabi ya ci gaba da jan carbi. Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis dabara ta zo mini. Na ce in dai ganye ne ya zama ƙasa, ai abin da shekara uku ta yi taɓarya za ta iya yi. Na tara busasshen ganyen mangwaro, na jiƙa, na faki idon Hajiya ta tafi kasuwa na zuba a turminta na hau daka. Na yi nisa sai ga ta.

"Malam Isuhu! Turmin sakwarata?"

"Hajiya, gwaji nake yi."

"Gwajin me? Miyar akuya?" Ta leƙa turmin. "Jama'a ku zo ku gani. Wanda ya zubar da dafaffe ya dawo yana daka ɗanye."

Matan gida suka fito suka yi mini da'ira. Duk da haka na ƙulle ɗan abin da na daka a leda na kai Atonsu. Mami ta taɓa da yatsa ɗaya ta ce, "Wofa, ganye ba ya jin duka. Lokaci kawai yake ji." A muryarta babu faɗa ranar, kuma wannan ya fi tsorata ni.

Da la'asar Rabi ta kira a wayar Alhaji. Ta ce yara lafiya, akuyar nan ta haihu biyu. Ta tambayi aiki, na ce alhamdu lillahi.

"An ce Kumasi ko ƙasarsu aka ɗiba arziki ce," in ji ta.

Na ce, "Wallahi gaskiya ne, Rabi. Na gani da idona."

Da na mayar da wayar na zauna a bayan zaure. Babu albasa a kusa da zan ɗora wa laifi.

Juma'a bayan masallaci duba-gari suka zo rumbun goron Alhaji. Shi goro a ganyen fita ake naɗe shi don kada ya bushe, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai an kwance huhu, an tsince wanda ya lalace, an canza ganye. Tsohon ganyen a wani lungu ake watsa shi bayan rumbu, tsakanin katanga biyu, tun zamanin mahaifin Alhaji. Maƙwabta sun gaji da sauro suka kai ƙara. Aka ba shi kwana uku ya kwashe.

Alhaji ya dawo zaure ya dube ni, karo na farko a satin nan da murmushi.

"Malam Isuhu, tunda Allah ya hore maka baiwar kwashe juji, kuma ga alama daga Litinin ba ka da aiki, je ka gwada hannunka a nawa. Wannan kam na ba ka izini. In akwai allo ma ka wanke."

Asabar da safe na shiga lungun da shebur. Sama ganye ne da igiyoyi da ledoji. Na kwashe kamu ɗaya, na kwashe biyu. A na uku shebur ya nutse ba ƙara. Wani ƙamshi ya taso, irin na ƙasa in an yi ruwan fari. Na san shi. Kwana biyu na yi ina shaƙarsa a Atonsu ina tsaki. Na durƙusa na damƙa. Baƙi ƙirin, laushi kamar garin tuwo da aka tankaɗe, ga tana tana juyi a tafin hannuna. Na tura shebur har ƙota ban taɓa ƙasa mai tauri ba.

Ban gaya wa kowa ba, don an riga an yi mini dariya sau uku, ban da ta basur. Lahadi da safe na cika hulata da shi na tafi Atonsu. Mami tana coci. Na tsaya a bakin ƙofar cocin kai ba hula, ina riƙe da ita da hannu biyu. Mutum biyu da suka wuce suka nemi jefa mini sadaka a ciki, suka ga ƙasa suka fasa.

Ta fito cikin farin leshi da ƙawayenta. Da ta gan ni ta ɗaure fuska.

"Ka kawo makulli?"

Na miƙa mata hula. Ta duba. Ta ba wata ƙawarta jakarta, ta tsoma hannu da zobba da komai, ta murza, ta dunƙule, ta buɗe ya warware da kansa. Ta kai hanci ta lumshe ido daidai yadda Kwaku ya yi.

"Wa ka sata wa?"

"Na Alhaji ne. Ganyen goro ne."

"Shekara nawa?"

"Ya ce tun yana yaro ake zubawa."

"Yawa?"

"Ya fi naki sau uku, Mami."

Ta goge hannu a farin leshin ba ta ma sani ba, ta tare tasi.

Da muka isa Aboabo ta wuce lungun kai tsaye da takalmin coci, ta fito da laka har idon sawu tana cewa "Ei, ei, ei." Alhaji yana kan tabarma yana kallonta. Shekara hamsin yana ciniki. Ya ga fuskar mai so tun daga nesa.

"Alhaji, wannan shara naka, zan taimake ka in kwashe. Kyauta."

Na ce a raina, ashe dukansu makaranta ɗaya suka yi.

Alhaji ya gyara zama ya yi ajiyar zuciya. "Mami Akosuwa, shara kika ce? Gadon mahaifina ne. Da hannunsa ya fara zuba shi. In na dube shi shi nake tunawa."

Daga cikin gida Hajiya ta ce, "Shekaranjiya ka ce gidan sauro ne."

"Hajiya, ana magana da baƙi."

Suka yi ta ja. Ita ta ce duba-gari za su dawo, shi ya ce ai sun san juna. Ita ta ce akwai leda a ciki sai an tankaɗe, shi ya ce zinariya ma sai an wanke. A ƙarshe Alhaji ya ce zai rabu da gadon bisa sharaɗi biyu: ta kawo masa dashen mangwaro ya sa a lungun, kuma makulli ya zauna a aljihun Malam Isuhu.

Ta juyo ta dube ni, sannan ta fuskanci Alhaji. "Zai zauna. Sunanka ma zai zauna. Amma ni ma ina da sharaɗi. Mutumin nan ya je ya koyi karatu. Ba zan iya zuwa jana'iza da tsoro ba."

Ranar muka tankaɗe da ragar waya har magariba, mu da ma'aikatan rumbu. Da aka ɗauko mai aboboya, wani daban, a saman kaya na zauna kowane sawu har Atonsu. Litinin aka fasa koko, muka cika ledoji. Da tsirran suka fito, ganyensu har sheƙi yake yi.

Haka na shiga ajin manya a Aboabo, bayan la'asar, a makarantar Islamiyya in yara sun tashi. Mu goma sha wani abu ne, da mahauta da masu ɗinki da wata tsohuwa mai koko da ta fi mu duka kai. Malama Zuwaira ce take koya mana, Hausar boko da ɗan Turanci. Wata takwas na yi kafin in iya haɗa baƙi da wasali ba tare da gumi ba. Abin da na fara karantawa ni kaɗai takardar nan ce ta cikin hula. A ƙasanta an rubuta cewa a sha cokali biyu bayan abinci.

Wata rana na kawo tsohon allon Mami aji na ce Malama ta fasa mini kalmar. Ta duba babban ƙamus ta ce kalma biyu ce Turawa suka haɗa. Ta farko ganye. Ta biyu, mutane da yawa suna zaton hunhuna ake nufi, irin ta tsohon burodi, amma a nan ba ita ba ce. Wata tsohuwar kalma ce ta kakanninsu mai nufin ƙasa mai laushi, wadda ake shuka a ciki. Wato ƙasar ganye.

Na ce, "Ashe su ma tara su suka yi wuri ɗaya suka bari har suka zama abu guda."

Tsohuwa mai koko ta ce, "Ka ji mai juji ya fara wa'azi."

Yanzu shekara shida ina Atonsu. Duk ganyen fita da aka canza a rumbun Alhaji ni nake zuwa in ɗauko, kuma mutum uku daga garinmu sun sami aiki da sunansa bayana. Bara ruwa ya cinye tsohon allon, Mami ta kawo sabon katako da fenti ta ce tunda na zama malami in rubuta da kaina. Na rubuta kalmar Turancin a sama, harafi bayan harafi, harshena a waje. Ta ce in ƙara layi ɗaya da Hausa a ƙasa, ita za ta faɗa. Na tsoma buroshi na jira.

Yana nan a cake har yau, duk mai wucewa yana iya karantawa: ISUHU, KADA KA TAƁA.